Tambayi Injiniya: Kafin alƙalami a kan motar da ba a ƙera ba tukuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Kawu Injiniya. Ina aikin jinya a nan Lesta, shekarata shida a Ingila. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi irin motar nan da ake kawo maka gunduwa-gunduwa ka haɗa da hannunka a gareji, mai kujera biyu ba rufi. Na je wani ƙaramin kamfani na ga wadda ta kwanta mini, kuɗin kayan fam 14,800. Sun ce in ba da fam 1,500 kafin alƙalami su sa ni a layi, in ƙara rabin abin da ya rage ranar da za a fara waldar shasi, ciko kuma mako biyu kafin in zo ɗauka. Aikin mako 16 ne, in ji su. Sun fi son in tura ta banki, kuma an rubuta a takardar cewa kafin alƙalami ba a mayarwa. Haka ake yi, ko dai ganin baƙo suka yi? Sannan yayana ya ce irin wannan ciniki bai halatta ba a Musulunci. Ɗanka, daga Lesta.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba ganin baƙo suka yi ba. Da Bature ɗan unguwarsu ne ya shiga, wannan takardar za su miƙa masa. Kusan duk masu sana'ar motar haɗa-da-kanka haka suke karɓar kuɗi, kashi biyu ko uku: na kama layi, na fara aiki, na ɗaukar kaya. Abin da kowa ke yankawa ne kawai ya bambanta. Amma don kowa na bin hanya ba ya nufin babu rami a cikinta.

Zo mu yi lissafi. Ranar da za a ɗora bututun ƙarfe na farko a kan teburin walda, ka riga ka ba su 1,500 da 6,650, wato fam 8,150. Me ke hannunka a ranar? Takarda. Mako biyu kafin ɗauka ka cike 14,800, har yanzu ko noti ɗaya bai shigo garejinka ba. Su suna kiransa ciniki. Ni a wurina bashi ne ka ba kamfani, ba jingina, ba wanda ya tsaya masa. To sai mu nemi yadda za a rage girman bashin, da yadda za a samo masa mai tsayawa.

Ni ma na bi ta nan. A 2011 na ba wani ƙaramin kamfani fam 1,000, aka ce mini mako 12. Mako 12 ya zama wata bakwai. Da buga waya ya ishe ni sai na ɗauki hutun yini guda na tuƙa na je. Ashe kamfanin rumfa ce guda a bayan wata gona, ma'aikata huɗu da kare. Warin danƙon da suke zuba bodi da shi ya cika wurin har ido na yaji. A bango akwai farin allo an jera sunayen masu jira su goma sha ɗaya, nawa ne na bakwai, an ma rubuta shi ba daidai ba. Mai wurin, wani dattijo da tabon ƙuna a bayan hannu irin na duk wanda ya tsufa a walda, ya haɗa mini shayi ya gaya mini gaskiya. Mai kawo musu ƙarfe ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi, kuɗina kuma tuni ya shige cikin shasin mutum na uku a allon. Nawa shasin sai na tara da na goma sun biya nasu kason. Dariya na yi, don na san wannan lissafin tun ina yaron shago a Panteka ta Kaduna, inda da kuɗin ƙofar Alhaji wane ake sayo ƙarfen tagar Hajiya wance. Mutumin ba macuci ba ne, ya kuma ba ni kayana cif daga baya. Amma a hanyar dawowa na gane adashi na shiga, kuma da mutum biyu na bayana sun fasa zubi, da kwasata ba ta zo ba.

Adashin kuwa yakan watse, har a hannun manya. Westfield, da ke cikin sanannun sunaye a harkar tun shekarun 1980, ya faɗa hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci a watan Yunin 2022, sai bayan wasu watanni aka sami masu sayensa. Duk kamfanin da ya shiga wannan hali, doka ce ke jera masu binsa bashi. Banki mai jingina, da ladan masu rabon, da ma'aikata, da hukumar haraji, duk suna gabanka. Mai kafin alƙalami a can wutsiya yake, kuma kafin a iso wutsiya galibi tukunya ta kusa ƙarewa.

Mai tsaya makan yana cikin walat ɗinka, in kana da katin bashi, wato irin wanda banki ke biya maka sannan ka biya shi a ƙarshen wata. Akwai dokar bashin masu saye ta 1974, sashe na 75. Abin da ta ce shi ne, idan ka sayi kaya da farashinsa ya haura fam 100 bai kuma wuce fam 30,000 ba, ka biya da katin bashi, to kamfanin katin da mai sayarwa duk alhaki ɗaya ne a kansu. In mai sayarwa ya saɓa yarjejeniya, ko ya rushe bai kawo kaya ba, kai tsaye ka bi banki. Inda mutane da yawa ke ɓata shi ne suna zaton sai an biya kuɗin gaba ɗaya da katin. A'a. Farashin kayan ake dubawa, ba abin da ya bi ta katin ba. Ka biya fam 200 da kati, ka tura sauran 14,600 ta banki, kariyar ta hau kan 14,800 ɗin dukansa. In bankin ya yi maka jan ƙafa, akwai hukumar sasanta rikicin harkar kuɗi da za ka kai wa ƙara kyauta bayan mako takwas.

Saboda haka ka koma ka ce musu: kafin alƙalamin, ko wani ɓangarensa, da kati zan biya, sauran in turo ta banki. Dalilin ƙin katinsu ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin kati yana gutsurar wani abu a kowane ciniki, kuma tun Janairun 2018 an hana 'yan kasuwa ɗora wa mai saye wannan kuɗin. A kan 14,800 abin zai yi musu ciwo, a kan fam 200 ko 500 kuwa kuɗin shayi ne. In sun ce ko kwabo ba sa karɓa da kati, ban ce ɓarayi ne ba, amma ni dai sai na ƙara tunani.

Kariyar nan tana da sharuɗɗan da ke kayar da mutane. Katin ya zama naka ne, da sunanka a kan asusun, kai ne kuma mai sayen. Kada ka ari na abokin aiki. Kuɗin ya tafi kai tsaye ga kamfanin da ke kan takardar, don in ya bi ta hannun ɗan tsakiya irin PayPal banki na iya cewa igiyar ta tsinke. Ka kuma lura da yadda aka rubuta odar. In oda ɗaya ce mai farashi ɗaya, shi ke nan. In kuwa ka zaɓi saye kashi-kashi, yau shasi, bayan wata uku birki da shokazoba, baɗi bodi, to kowane kashi cinikinsa daban, sai ka taɓa kati a kowanne. Ni ma na fi son wannan hanyar ga mai albashi, don kuɗin da ke kwance a hannun kamfani a kowane lokaci kaɗan ne, illa dai farashi na iya tashi a tsakani. Masu hangen Caterham, wani sanannen kamfanin irin waɗannan motoci, kuma su sani da yawa daga motocinsa sun haura fam 30,000, kuma da an haura ko da fam ɗaya ne, sashe na 75 ya fita.

Katin cire kuɗi na yau da kullum ba shi da wannan ƙarfin. Akwai hanyar da banki ke janyo kuɗi ya dawo, amma ƙa'idar Visa da Mastercard ce, ba doka ba. Tana da wa'adi, galibi kwana 120 daga ranar da ya kamata kaya su iso, kuma abin da ya bi ta katin kaɗai take dawowa da shi. Turawa ta banki ita ce mafi tsiraici. Gaskiya ne tun Oktoban 2024 an wajabta wa bankuna su mayar wa wanda ɗan damfara ya yaudara kuɗinsa har zuwa fam 85,000, amma kamfani na gaske da ya gaza cika alƙawari ba ya cikin wannan. Kuma duk ranar da imel ya zo maka cewa sun sauya lambar asusu, kada ka tura ko sisi sai ka kira su a lambar wayar da ka sani tun farko.

Yanzu maganar "ba a mayarwa". Rubutun ba ayar Alƙur'ani ba ne, amma kuma ba banza ba ne. Ya danganta da wanda ya saɓa. In kai ne ka wayi gari ka fasa, suna da haƙƙin riƙe abin da ya yi daidai da asarar da ka jawo musu. In ba su sayi komai ba, suka kuma sa wani a gurbinka washegari, riƙe 1,500 gaba ɗaya zai yi wuyar karewa a ƙarƙashin dokar haƙƙin masu saye ta 2015, wadda ba ta yarda da sharaɗin da ya yi wa mai saye rashin adalci ba. In kuwa sun riga sun zuba maka bodi ruwan lemo mai ratsin kore da ba wanda zai saya sai kai, to ka haƙura. Kada kuma ka dogara da kwana 14 na sauya ra'ayi da kake ji ana faɗa. Wannan na cinikin nesa ne, ta intanet ko ta waya, ba na wanda ya sa hannu a cikin shagonsu ba, kuma ko a cinikin nesan an cire kayan da aka ƙera bisa zaɓin mai saye.

In su ne suka saɓa, labari ya sha bamban. Suka wuce ranar da aka yi da su, ka rubuta musu ka ba su ƙarin wa'adi mai ma'ana, suka sake wucewa, kana da ikon soke cinikin ka karɓi kuɗinka duka har da kafin alƙalamin. Amma fa abin ya fi sauƙi in akwai ranar. "Kimanin mako 16" alƙawarin tela ne ana saura kwana goma Sallah. Ka sa su rubuta rana da wata, ko da sun ƙara wa kansu mako huɗu don numfashi.

Tunda za a taɓa takardar, a gyara ta gaba ɗaya. A rubuta cewa farashin ba zai motsa ba, kuma harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari yana ciki, don wasu kan nuna farashi ba shi sai a ƙarshe ka ga ya kumbura. Harajin nan ma shi ya kashe asalin arhar wannan harka. Lokacin da Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya fito da Lotus Seven a 1957, wanda ya saye ta a wargaje ya haɗa da kansa ba ya biyan harajin saye da ke kan sabuwar mota. A 1973 VAT ta zo ta rufe wannan ƙofa, a shekarar ne kuma Caterham ya sayi haƙƙin ƙera motar. Yau wanda ke haɗawa don sha'awa yake yi, ba don sauƙi ba. A kuma liƙa jerin kayan ɗaya bayan ɗaya, a san abin da ke ciki da wanda ba ya ciki. Biya na biyu kada ka ɗaure shi da "za a fara walda". Ka ɗaure shi da abin da ido ke gani: lambar shasi a buga a ƙarfe, a turo maka hoto, a rubuta lambar da sunanka a rasit. Wannan ba ado ba ne. A dokar ciniki ta nan, kayan da ba a ware aka ce ga naka ba bai zama naka ba, ko da ka biya. Shasi mai lambarka kana da bakin cewa naka ne in masu rabo suka zo. Shasi ɗaya cikin shida da ke jingine a bango na kamfani ne.

Cikon kuwa, ka roƙa a bar shi sai ranar ɗauka. Ka je da motar kaya da jerinka, ka buɗe kwali-kwali kana duba, sannan ka tura ta wayarka kana tsaye a wurin. Ka tambayi bankinka tun da wuri iyakar abin da yake bari a tura a yini, kada ka ji kunya a gaban mutane. Kusan kullum sai an sami abin da bai iso ba, gilashi ko lagireto ko wayoyin lantarki. Ka riƙe kuɗin wannan har ya zo. Ni ban riƙe ba, na kuwa yi mako tara ina jiran salansa. Wataƙila ba za su yarda da duka ba, amma ko rabi suka karɓa ka rage bashin.

Kafin duk wannan, ka ba Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, minti goma. Kyauta ne a intanet. Ka ga shekarun kamfanin, ko yana miƙa lissafinsa a kan lokaci, ko masu shi sun taɓa rufe wani suka buɗe wannan da sabon suna. Ka kuma nemi ƙungiyar masu irin motar ka tambayi waɗanda suka karɓi kaya a bana, ba shekara biyar da suka wuce ba, tsawon jiran da suka yi.

Maganar yayanka tana da tushe, kada ka raina ta. Ni bakanike ne, ga dai abin da ke sananne. Cinikin da ake ba da wani abu a kan in an fasa mai kaya ya cinye, shi malamai ke kira arbun. Malikiyya, mazhabar da muka tashi a kai, ba su halatta shi ba, Hambaliyya sun halatta, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma ta amince da shi a 1993 muddin an ƙayyade lokacin jira. Ba da aikin ƙera abu a biya kashi-kashi, wato istisna'i, shi ma majalisar ta amince da shi a 1992. Gyaran da na ce a yi wa takardar yana rage wannan damuwar: a rubuta cewa kuɗin ɓangare ne na farashi, in an fasa asarar gaske kaɗai za a cire. Katin bashi kuma ka biya shi a ranar da ka yi amfani da shi, kafin kuɗin ruwa ya hau. Akwai malaman da ko sa hannu a yarjejeniyar katin ba su yarda da shi ba, don haka ka kai wa malaminka takardun biyu ya duba.

Abu na ƙarshe, 14,800 ba shi ne kuɗin motar ba. Ka duba ko akwai inji da giyabos a ciki, ko sai ka sayi tsohuwar Mazda MX-5 ka farke. Ga tayu, ga kujeru, ga inshorar kaya tun daga ranar ɗauka. In ka gama akwai gwajin IVA na hukumar gwajin motoci, DVSA, wanda sai mota ta tsallake shi kafin ta hau titi, fam 450, in ka faɗi ka sake biyan 90, kuma faɗuwa a karon farko ba abin kunya ba ne a wannan harka. Rajista a DVLA, hukumar rajistar motoci, fam 55, ban da harajin hanya. Kada ciko ya share maka asusu tas.

TAMBAYA: Baba Injiniya, maigidana ya ga wata a intanet da wani ya fara haɗawa ya gaji, fam 5,500. Mai ita ya ce a tura masa 500 ya riƙe mana zuwa ƙarshen wata, wai masu so sun yi yawa. Tafiyar awa uku ce daga gidanmu. Na ce ya dakata in tambaye ka. 'Yarka, daga Bradford.

AMSA: Kin kyauta, 'yata. Ki ce masa ba a cinikin biri a sama. Awa uku ba nisa ba ne a kan 5,500, ya je ranar Asabar.

Saye daga hannun mutum ba kamar saye daga kamfani ba ne. Babu sashe na 75 tunda ba shi da injin kati, PayPal ba ya kare cinikin mota, doka kuma abin da kawai ta ɗora masa shi ne kayan su zama nasa su kuma dace da yadda ya siffanta su. Hoton shasi a gareji kuwa kowa na iya kwafowa daga tsohuwar talla.

In ya je, takardu zai fara nema kafin ya leƙa ƙarƙashi: rasit ɗin kamfanin da ya ƙera shasin mai ɗauke da lambar da ke jikin ƙarfen, takardar V5C, wato takardar rajistar motar da aka ciro inji daga ciki, rasit na sauran kaya, da hotunan aikin da aka yi. Ya kira kamfanin ya karanta musu lambar. In babu shaidar asalin kayan, DVLA za ta ba shi lamba mai farawa da Q, wadda ke rage wa mota daraja a kasuwa. In babu shaidar shekarar injin, za a auna hayaƙinsa da ma'aunin sababbin motoci, tsohon inji kuwa da ƙyar ya tsallake.

In komai ya yi, ya ba da fam 100 ko 200 a wurin, su rubuta a takarda: jimillar kuɗi, abin da aka ba da, ranar ɗauka, da cewa za a mayar in mai kaya ne ya fasa. Su biyu su sa hannu. Ya ɗauki hoton kowane kwali a buɗe kafin ya tafi, don sitiyari mai kyau da agogunan dashbod sukan yi ƙafa tsakanin ranar gani da ranar ɗauka. Sauran kuɗin sai kaya sun hau mota. Ke kuma ki auna garejinku tun yanzu, ki kwashe buhunan shinkafarki, don shekara biyu ba za ki sake ganin ƙasan wurin ba.